Ƙasa ta Bakwai: Zaman Jam'iyyar UKIP a Rukunin Majalisar Turai, 1999 zuwa 2020

Ranar 16 ga Oktoban 2014 wata 'yar majalisa daga ƙasar Latbiya, Iveta Grigule, ta fice daga EFDD, rukunin masu adawa da ƙara dunƙulewar Turai a Majalisar Turai, kuma a ranar aka sanar da cewa rukunin ya rushe. Mutum 47 ne suka rage, ciki har da 24 na UKIP, jam'iyyar da ke neman fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda watanni biyar kafin nan ta zo ta ɗaya a zaɓen Majalisar Turai a Birtaniya, ta wuce Labour, ta wuce Conservative. Yawan nasu bai hana komai ba. Dokar majalisar ta ce dole rukuni ya tara mutanen ƙasashe bakwai, tafiyar Grigule kuma ta bar su da shida.

Ana yawan tattauna wannan batu a matsayin matsalar aƙida: ya dace jam'iyyar da ke son ƙasarta ta bar Tarayyar Turai ta shiga rukunin haɗin gwiwar ƙasashe a cikin majalisar tarayyar, ta karɓi kuɗinta, ta zauna a teburin shugabanninta? Tambayar tana da nauyi, an kuma yi rikici a kanta cikin UKIP. Amma wanda ya bi diddigin shekaru ashirin ɗin da jam'iyyar ta yi a Brussels da Strasbourg zai ga ba aƙida ce ta yanke hukunci ba. Lissafin ƙasashe ne. Shi ya zaɓa wa UKIP abokan zama, shi kuma ya sa ta haɗiye abin da ta ce ba za ta taɓa haɗiyewa ba.

Me rukuni yake bayarwa

A Majalisar Turai ba a zama ƙasa-ƙasa. Ana zama ne rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa jam'iyyun ƙasashe daban-daban masu ra'ayi kusa da juna. Daga 2009 sharaɗin kafa rukuni shi ne mutum 25 daga aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashen tarayyar, wato ƙasashe bakwai. Bayan fitar Birtaniya an rage yawan mutanen zuwa 23, amma ƙasashen suna nan bakwai.

Albashin ɗan majalisa da kuɗin ɗaukar mataimakansa ba su da alaƙa da rukuni, kowa yana samu. Abin da rukuni ke ƙarawa daban ne. Akwai kaso na musamman daga kasafin majalisar da ake ba kowane rukuni don gudanarwa da yaɗa manufa, rukunin ne kuma ke riƙe da kuɗin. Marasa rukuni su ma suna da ɗan kaso, amma ofishin majalisar ne ke riƙe musu, sai sun kawo takardun shaida a biya. Akwai ma'aikatan rukuni da majalisar ke biya: masu ba da shawara kan dokoki, jami'an hulɗa da 'yan jarida, masu shirya taruka. Akwai kujera da ƙuri'a a taron shugabannin rukunoni, inda ake tsara abin da za a tattauna a zauren majalisa. Wakilin marasa rukuni yana shiga ne da gayyata, kuma ba ya jefa ƙuri'a. Rukuni yana iya gabatar da gyaran doka ko ƙuduri da sunansa kaɗai, alhali a 2014 wanda ba shi da rukuni sai ya tattaro sa hannun mutum 40.

Sai lokacin magana, wanda shi ne ainihin abin da UKIP ke so. Ana raba kashin farko daidai tsakanin rukunoni, kashi na biyu gwargwadon yawan mutane. Mafi muhimmanci, a manyan muhawarori shugabannin rukunoni ne ke fara magana, daga sahun gaba, taku kaɗan daga inda shugaban Hukumar Tarayyar Turai ko shugaban wata ƙasa da ya kawo ziyara yake zaune. Wanda ba shi da rukuni sai can ƙarshe, minti ɗaya ko biyu, lokacin da zaure ya fara watsewa kuma 'yan jarida sun tafi rubuta labaransu.

Ga yadda wannan ya yi aiki a zahiri. Ranar 24 ga Fabrairun 2010 Nigel Farage, jigon UKIP, a matsayinsa na ɗaya daga cikin shugabannin rukunin EFD, wanda EFDD ta gada daga baya, ya miƙe a gaban Herman Van Rompuy, sabon shugaban Majalisar Shugabannin Turai, ya kwatanta kwarjininsa da na jiƙaƙƙen tsumma, kamanninsa kuma da na ƙaramin ma'aikacin banki, ya tambaye shi wa ya zaɓe shi. An ci shi tarar alawus ɗin kwana goma, kusan Yuro 3,000. Bidiyon ya zagaya YouTube, kuma ya yi wa jam'iyyar tallar da kuɗin tarar nan sau da yawa ba za su saya ba. Da daga kujerun baya ya faɗi kalaman nan, bayan Van Rompuy ya tashi, da babu wanda zai ji.

Dole a haɗa wannan da halin UKIP a gida. Tsarin zaɓen majalisar Birtaniya na wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauka ne, don haka a 2015 jam'iyyar ta sami ƙuri'u kusan miliyan 3.9 amma kujera ɗaya tal, ta Douglas Carswell a Clacton. Zaɓen Majalisar Turai kuwa, tun daga 1999 har fitar Birtaniya, ana raba kujeru ne gwargwadon ƙuri'u. Ta nan UKIP ta sami kujeru 3 a 1999, 12 a 2004, 13 a 2009, 24 a 2014. Majalisar da take son rabuwa da ita ce ta zame mata wurin da take da albashi, ma'aikata da lasifika.

Rikicin cikin gida

Tun shigarta a 1999 UKIP ta zauna a rukuni. Na farkon shi ne EDD, tare da Jens-Peter Bonde na Denmak, daga baya IND/DEM, sannan EFD a 2009. A EFD babbar abokiyar zamanta ita ce Lega Nord ta Italiya, kuma Francesco Speroni na jam'iyyar ne ya raba shugabancin rukunin da Farage. A nan aka fara jin tsada. A Janairun 2010 Nikki Sinclaire, 'yar majalisar UKIP, ta bar rukunin, tana cewa ba za ta zauna da jam'iyyu masu tsattsauran ra'ayi irin wannan ba. Jam'iyyar ta cire ta daga sahun 'yan majalisarta. Mike Nattrass shi ma ya bar rukunin a shekarar.

Masu adawa da zama a rukuni suna da hujja biyu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce shiga rukuni amincewa ne da halaccin majalisar. Wannan ba ta da ƙarfi sosai, domin wanda ya tsaya takara, ya karɓi kujera, ya ci albashi, ya riga ya shiga. Ƙin rukuni bayan haka rage wa kai ƙarfi ne kawai. Ta biyu ita ce mai nauyi: duk abin da abokin zamanka ya furta a Milan ko Warsaw, kai za a tambaya a Landan. Kuma irin jam'iyyun da suka rage a kasuwa bayan manyan rukunoni sun gama zaɓe, sau da yawa su ne waɗanda kowa ya guda saboda dalili.

Akwai bambancin da ake yawan cakuɗawa. Rukuni a cikin majalisa abu ne daban da jam'iyyar siyasa ta Turai, wadda ƙungiya ce a wajen majalisa da ke samun tallafi na daban daga kasafin tarayyar. A 2011 mambobin UKIP suka jefa ƙuri'a suka ƙi shiga irin wannan jam'iyya. Duk da haka a ƙarshen 2014 aka kafa irin wannan jam'iyya mai suna ADDE, UKIP ce ginshiƙinta. A Nuwamban 2016 shugabannin majalisar suka yanke cewa ADDE ta kashe kuɗin tallafi kan binciken ra'ayin jama'a da ya amfani UKIP a siyasar Birtaniya, abin da doka ta haramta, suka ce a mayar da wani ɓangare. A 2019 kotun tarayyar ta soke wannan hukuncin, musamman saboda ɗaya daga cikin waɗanda suka yanke shi ta riga ta bayyana ra'ayinta a fili kafin a zauna. Amma kafin nan ADDE ta riga ta durƙushe. Dokar ɗaya ce ga kuɗin rukuni: ba a yin kamfen ɗin zaɓen gida da shi. Jam'iyyar da duk burinta yake gida kullum tana tafiya a bakin wannan layin.

Yunin 2014: farautar ƙasashe

Bayan zaɓen Mayun 2014 akwai makonni kaɗan kafin majalisar mai kujeru 751 ta zauna a farkon Yuli, kuma masu farauta uku ne a fili ɗaya. Akwai rukunin ECR, wanda Conservative ta David Cameron ta kafa a 2009 bayan ta bar EPP, rukuni mafi girma a majalisar. Shi ne ke da mutunci a idon sauran majalisar, don haka ya fi jan mutane. Akwai Marine Le Pen ta Faransa da Geert Wilders na Holand, masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, suna neman kafa nasu. Sai Farage a tsakiya.

EFD ta zube. Jam'iyyar Jama'ar Denmak da jam'iyyar Finns ta Finland suka koma ECR, Lega Nord ta bi Le Pen, wasu tsofaffin abokan zama kuma ba su ma ci zaɓe ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kai da Front National, jam'iyyar Le Pen, wadda ita ma ta sami kujeru 24 a Faransa, amma Farage ya ƙi, yana cewa jam'iyyar na da tarihin ƙyamar Yahudawa. Wannan lissafin gida ne: UKIP na neman ƙuri'un tsofaffin magoya bayan Conservative da na Labour, hoto ɗaya da iyalan Le Pen zai iya kore su.

Abin da ya cece shi shi ne jam'iyyar M5S ta Beppe Grillo a Italiya, mai mutum 17, wadda mambobinta suka amince da haɗin ta hanyar ƙuri'a a intanet. Da wannan yawan mutane ya wuce 40, amma ƙasashe biyu ne kawai. Sauran biyar ɗin aka tsinto su ɗaya-ɗaya: biyu daga Sweden Democrats, biyu daga jam'iyyar Rolandas Paksas ta Lituwaniya, Petr Mach shi kaɗai daga Jamhuriyar Cek, Grigule ita kaɗai daga Latbiya, sai Joëlle Bergeron daga Faransa. Ita Bergeron a jerin sunayen Front National aka zaɓe ta, ta saɓa da jam'iyyar jim kaɗan bayan zaɓe, ta ƙi sauka daga kujerar. Haka aka kafa EFDD: jimilla 48, ƙasashe bakwai cif, babu ko ɗaya ta ajiya. Ƙasashe uku a cikinsu kowacce mutum ɗaya ke riƙe da ita.

Matsalar tsarin ke nan. Mutum 41 na UKIP da M5S sun dogara ne da mutum uku, kowanne a cikinsu yana da ikon rusa rukunin da wasiƙa ɗaya. Waɗannan ukun sun san darajarsu, abokan hamayya su ma sun sani.

Abin da rukunin bai samu ba

Shugabancin kwamitoci ana raba shi ne bisa tsarin D'Hondt. Ana raba yawan mutanen kowane rukuni da 1, da 2, da 3, haka har gaba, a jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, kowane rukuni ya zaɓi muƙami idan layinsa ya zo. EPP mai mutum 221 tana zaɓe sau huɗu kafin a iso ga mai 48. Bisa wannan lissafin EFDD ta cancanci shugabancin kwamiti ɗaya, kuma kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a ne ya faɗo mata, ta tsayar da Eleonora Evi ta M5S.

Sai dai rabon nan al'ada ce, ba doka ba. Kowane kwamiti sai ya jefa ƙuri'a. A Yulin 2014 manyan rukunonin suka haɗa kai suka zaɓi Cecilia Wikström ta ALDE, rukunin masu sassaucin ra'ayi, a madadinta. Wannan ita ce katangar da rukunonin tsakiya ke gindaya wa waɗanda suke ganin maƙiyan tarayyar ne. Kuɗi, ma'aikata da lokacin magana doka ce ta bayar, ba mai hanawa. Muƙamai kuwa sai da yardar mafi rinjaye.

UKIP ba ta yi asarar komai a nan ba, domin ba ta je don gyara doka ba. Ƙungiyar Greenpeace ta taɓa ƙirga cewa a shekarun da Farage ya yi a kwamitin kamun kifi, zama ɗaya ya halarta cikin 42, duk da cewa masunta na cikin mutanen da jam'iyyar ta fi yin kamfen da sunansu. M5S ce ta ji ciwo. Mutanenta matasa ne masu son aikin kwamiti, kan muhalli da makamashi sun fi kusa da rukunin masu kare muhalli, kuma a ƙuri'u da dama su da UKIP suna ɓangarori biyu masu gaba da juna. Yarjejeniyar rukunin ta ba kowace jam'iyya 'yancin jefa ƙuri'a yadda ta so. Zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba, kuma a duk majalisar babu rukunin da ƙuri'unsa suka kai na EFDD rarrabuwa.

Wannan ma yana da haɗarinsa a doka. Ƙa'idar majalisar ta ce ana kafa rukuni ne bisa kusancin ra'ayin siyasa. A 1999 wasu jam'iyyu da ba su haɗa komai ba, ciki har da Front National da mutanen Emma Bonino, sun kafa rukuni suka faɗa a fili cewa na neman haƙƙoƙi ne kawai. Majalisar ta ƙi amincewa, kotun tarayyar ta goyi bayan majalisar a Oktoban 2001. Tun daga nan duk mai irin wannan haɗi ya koyi ya rubuta wata 'yar manufa ta bai ɗaya. EFDD ta fake ne da batun ƙuri'ar raba gardama da ba jama'a damar yanke hukunci kai tsaye, wanda shi ne kusan abu ɗaya da Farage da Grillo suka yarda a kai. A 2019 majalisar ta ƙara tsaurara ƙa'idar, ta wajabta wa kowane rukuni ya miƙa rubutacciyar sanarwar manufarsa.

Kwana huɗu a Oktoba

Da Grigule ta fice, Farage ya zargi shugaban majalisar, Martin Schulz, da shugaban rukunin EPP, Manfred Weber, da cewa sun sharɗanta mata barin EFDD kafin a ba ta shugabancin tawagar majalisar mai hulɗa da ƙasashen tsakiyar Asiya. Ɓangaren Schulz ya musanta. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ta sami shugabancin tawagar, daga baya kuma ta shiga ALDE. Jaridun Birtaniya sun ƙiyasta cewa UKIP za ta rasa abin da ya kai fam miliyan ɗaya a shekara, ban da kujerar sahun gaba.

Ranar 20 ga Oktoba aka sanar da cewa Robert Iwaszkiewicz na ƙasar Poland ya shiga, rukunin ya dawo. Jam'iyyarsa ita ce KNP ta Janusz Korwin-Mikke, mutumin da ya sha cewa bai kamata mata su yi zaɓe ba, ya kuma nuna shakku kan ko Hitler ya san da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. A watan Yuni Le Pen da Wilders sun ƙi ɗaukar wannan jam'iyyar, ƙin nan yana cikin abin da ya hana su cika ƙasashe bakwai, suka shekara guda babu rukuni. Wato Farage, wanda ya guji Le Pen don kare sunan jam'iyyarsa, ya ɗauko mutum daga jam'iyyar da Le Pen ɗin kanta ta ga ta yi mata nauyi. UKIP ta kare kanta da cewa mutumin ya shigo ne a ƙashin kansa, ba jam'iyyarsa ba. Majalisar wakilan Yahudawan Birtaniya ba ta gamsu ba, ta yi Allah wadai a fili.

Ba wai Farage ya sauya ra'ayi tsakanin Yuni da Oktoba ba. A watan Yuni yana da zaɓi, a Oktoba ba shi da shi. Wanda ya kafa rukuni a kan ƙasashe bakwai cif ya riga ya miƙa ikon tantance abokan zamansa ga duk ranar da mutum ɗaya ya tafi.

Abin dariya kuma, a Yunin 2015 Le Pen ta cika nata bakwai ɗin da taimakon UKIP ba da sonta ba. Janice Atkinson, wadda UKIP ta kora a watan Maris kan wata badaƙalar takardar kuɗi, ita ce ta kawo wa ENF, sabon rukunin Le Pen, tutar Birtaniya, tare da mutum biyu na KNP, waɗanda suka zama abin karɓa bayan an sauke Korwin-Mikke daga shugabancin jam'iyyar. Korar ɗan majalisa daga jam'iyya ba ta ƙwace masa kujera, kuma a wannan kasuwar korarre daga ƙasar da ake nema yana da tsada. An taɓa ganin akasin haka a 2007, lokacin da ITS, wani rukunin masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, ya rushe cikin watanni goma bayan kalaman Alessandra Mussolini kan 'yan Romaniya sun sa abokan zamanta na Romaniya tafiya.

Daga baya EFDD ta ɗan sami sarari. A Afrilun 2016 Beatrix von Storch ta jam'iyyar AfD ta shigo bayan ECR ta nemi ta bar ta, Jamus ta zama ƙasa ta takwas. Wannan ajiyar ce ya kamata a ce an nema tun farko.

Bayan ƙuri'ar raba gardama

Ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 51.9 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi fita. Daga ranar rukunin ya zama mai wa'adi, kuma M5S ta gane cewa za a bar ta a fili. A Janairun 2017 Grillo ya sa mambobinsa suka jefa ƙuri'a a intanet don komawa ALDE, rukunin Guy Verhofstadt, wanda ya fi kowanne son ƙara dunƙule Turai. Mambobin suka amince, 'yan ALDE kuma suka ƙi a ranar 9 ga watan. M5S ta koma wajen Farage da kunya, David Borrelli ya rasa matsayinsa na abokin shugabancin rukunin, mutum biyu suka bar ta: Marco Affronte ya tafi wajen masu kare muhalli, Marco Zanni ya tafi wajen Le Pen. Inda waɗannan biyun suka nufa ya isa ya nuna irin haɗin da aka yi. A 2018 Sweden Democrats su ma suka koma ECR.

UKIP kanta ta tarwatse. A Disamban 2018 Farage ya bar ta saboda shugabanta na lokacin, Gerard Batten, ya naɗa Tommy Robinson, wanda ya yi suna wajen adawa da Musulunci, mai ba shi shawara. A Janairun 2019 Batten ya shiga rukunin Le Pen, wanda aka shafe shekaru ana cewa jam'iyyar ba za ta kusance shi ba.

A zaɓen Mayun 2019 sabuwar jam'iyyar Farage, Brexit Party, ta ci kujeru 29, UKIP ba ta sami ko ɗaya ba. Mutum 29 sun wuce 25 ɗin da ake buƙata, amma babu ƙasashe shida da za su ɗaura kansu ga jam'iyyar da za ta tafi cikin watanni. EFDD ba ta sake kafuwa ba. Mutanen Farage suka zauna ba rukuni har 31 ga Janairun 2020, kuma rashin bai dame su ba, tunda abin da suka zo nema ya riga ya samu. M5S, da kujeru 14, ita ma ta zauna ba rukuni, sai dai ita ba watanni bakwai ba: ta nemi shiga wajen masu kare muhalli ba a karɓe ta ba, ta yi shekara biyar babu kason rukuni, babu ƙuri'a a taron shugabanni, babu shugabancin kwamiti. Sai a Yulin 2024 rukunin masu ra'ayin gurguzu ya buɗe mata ƙofa, lokacin mutanenta sun ragu zuwa 8.